Daga Apapa Zuwa Ganbiye Ta Hanyar Ruwa

Mutumin da ya tashi a Kano, wanda babban ruwan da ya sani shi ne madatsar Tiga, bai cika tunanin cewa ana iya barin Legas a shiga Jamhuriyar Benin ba tare da an taka kwalta ba. Amma hanyar tana nan, kuma ta girmi titin Seme nesa ba kusa ba. Wani dogon ruwa ne kwantacce da ya taso daga Apapa, ya ratsa Badagiri, ya faɗa tafkin Porto-Novo, kuma abin da ya raba shi da igiyar teku bai wuce siririn tudun yashi mai cike da bishiyoyin kwakwa ba. Na bi shi ni kaɗai, da jaka ɗaya da buta, bayan wanda muka shirya tafiyar tare ya fasa ana gobe za mu tashi.

A cikin jirgi ba a hira. Ƙarar injin tana haɗiye kowace magana, kowa ya ɗaure rigar kariya ya sunkuyar da kai saboda feshin ruwa, har mutum ya yi awa biyu kafaɗa da kafaɗa da wani bai san ko sunansa ba. Duk wanda na saba da shi a wannan tafiya, a kan tudu na same shi, kuma matsala ce ta haɗa mu.

Matsalar farko ciyawa ce. Akwai wata mai kama da kainuwa, sai dai ta fi ta girma kuma furenta shuɗi-shuɗi ne, wadda ta fara mamaye ruwan Legas ta wannan mashiga a shekarun 1980. Ita ce ta naɗe farfelar injinmu kafin mu isa Badagiri, aka yi ta fama har rana ta yi ja, daga ƙarshe aka tura jirgin da gora zuwa wani ƙauyen masunta. Masu dangi a kusa suka hau acaɓa suka watse, aka bar ni tsaye da butata.

Daga nan na ji an ƙwala kira: "Aboki!" Duk Bahaushen da ya zauna a Legas ya san yadda wannan kalma take fitowa daga bakin wasu, shi ya sa na juya fuska a ɗaure. Wani dattijo ne ɗan ƙabilar Egun yana gyaran koma. Da gurɓataccen Turanci muka fahimci juna. Na ce, "Baba, ina neman wurin kwana." Bai amsa ba, sai ya dubi butar, ya nuna mini gabas da hannu, ya sa jikansa ya shimfiɗa mini wankakken buhu, ya kuma tsawatar wa yara su yi shiru har na idar da Magariba. Shi ba Musulmi ba ne. Matarsa ta kawo teba da banda da yajin da ya sa ni hawaye, suka yi ta dariya.

A wannan dare na koyi abin da ba a rubuta a jikin taswira. Ya ce ruwan nan iri biyu ne a shekara: da damina koguna suna cika shi ya zama garɗi, ciyawa ta yi ƙarfi ta toshe hanya, da rani kuma gishirin teku ya kutso ya kashe ta. Wato ni ne na zo a lokacin da bai dace ba. Ya kuma gaya mini cewa mahaifiyarsa 'yar Porto-Novo ce, domin Egun suna zaune a ɓangarorin iyakar biyu, sannan ya sa aka rubuta mini lambar ɗan ƙanwarsa mai kwalekwale a can.

Badagiri ban daɗe a cikinta ba. Na ga benen da 'yan mishan suka kammala a 1845, na haye tsibirin Gberefu inda ake lodin bayi a da, na wuce.

Saurayin ya tarbe ni a Porto-Novo kamar ya san ni, domin kawai kawunsa ya buga waya. Ya kai ni babban masallacin garin, wanda zuriyar bayin da suka dawo daga Burazil suka ba shi fasalin ginin coci mai launuka, sannan washegari muka shiga tafkin Nokuwe zuwa Ganbiye, garin da kakannin Tofinu suka kafa a kan turaku a tsakiyar ruwa don tsere wa mayaƙan Dahome masu kamen bayi. A hanya ya nuna mini akaja, wato rassan itace da ake kafawa a cikin laka su zama shinge, kifi ya taru ya yi ƙiba a ciki, kowane shinge da mai shi kamar gona.

Daren ƙarshe a Zangon Kwatano na yi shi. Na yi sallama a masallaci, aka tambaye ni garinmu, aka ba ni ɗaki da tuwo, kuma na gode. Sai dai wannan karamci ne da al'ada ta riga ta tanadar wa kowane baƙon da ya yi sallama da Hausa, alhali dattijon can babu abin da ya wajabta masa ni, ko yare ba mu haɗa ba.

Da na koma gida na aika masa da kilishi ta hannun wani direban babbar mota. Bayan wata huɗu ya sa jikansa ya kira ni, ya karɓi wayar ya ce, "Aboki, gishiri ya shigo, ciyawa ta mutu, hanya ta buɗe."