Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Makunnin da Ba Shi Ba

A makon jiya mun tsaya ne a ranar da aka ba ni izinin zama gaban na'urar da ke karɓar aikin zuciya da huhu yayin tiyata, bayan na shafe wata huɗu a wani asibiti na Indiya ba abin da nake yi sai kallo da haɗa bututu.

Huhun wucin gadin da muke aiki da shi hannu biyu ke riƙe shi. A cikinsa akwai dubban zaruruwan roba masu rami a tsakiya kamar karan alkama, kowanne bai kai rabin milimita kauri ba. Iska na bi ta cikin ramin, jini na malala ta bayansu, kuma ta ƙananan ƙofofin jikin zaren oksijin ke shiga, kabon dayoksaid ke fita. Faɗinsu gaba ɗaya kusan murabba'in mita 2 ne, alhali huhun babban mutum yana kaiwa kimanin 70. Dabarar injiniyoyi ita ce saƙa zaruruwan yadda jinin zai riƙa gauraya yana gogar bangonsu. Wannan ya yi nisa da na'urar John Gibbon, likitan tiyata ɗan Amurka, wadda ya yi nasarar tiyata da ita a Filadelfiya ranar 6 ga Mayu, 1953, inda jini ke gangarowa kan ragar ƙarfe, iska na taɓa shi kai tsaye.

Duk wannan na haddace shi. Amma da sakamakon gwajin jini ya nuna kabon dayoksaid ya hau, sai hannuna ya nufi makunnin ƙara kason oksijin. Malamina ya riƙe wuyan hannuna, ya nuna mini bututun da ke mayar da jini jiki, ja wur.

"Wannan jinin ya yi maka kama da mai neman oksijin?"

Na ce, "A'a, Malam."

Makunni biyu ne, kowanne da aikinsa. Kason oksijin shi ke ƙosar da jini, amma kabon dayoksaid, wanda ya fi saurin ratsa bango, yawan iskar da ke share cikin zaruruwan ne ke kwashe shi. Na ƙara gudun iskar kaɗan, zufa na bin bayana duk da sanyin ɗakin, gwaji na gaba kuwa ya dawo daidai. Likitan da ke ɗinki bai ko ɗago kai ba.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan kawo labarin heparin, maganin hana jini daskarewa a cikin bututun.