30 ga Safar

Yau da hantsi a wani ofishin gwamnati a Jidda, kwamfuta ta ƙi karɓar takardun wani dattijo, Bahaushen Makka. Sau uku ana shigar da bayanansa tana dawo da su. Aka kira mai nazarin tsarin bayanai, wani matashi, ya ja kujera ya ce, "Baba, kawo katin in gani." Lamba goma cif, ta fara da 1 kamar ta kowane ɗan ƙasa (ta baƙo mai iƙama, wato izinin zama, da 2 take farawa), ba nan matsalar take ba. Ashe ranar haihuwa ce: 30 ga Safar, wata na biyu a kalandar Hijira. An gina gurbin kwanan wata kan kalandar Miladiyya, sai manhajar ta ɗauki 30/2 a matsayin 30 ga Fabrairu, ranar da babu ita. Gyaran shi ne a juya kwanan zuwa Miladiyya ta hanyar Ummul Ƙura, kalandar Hijira ta hukuma a Saudiyya, kafin a adana.

Irin wannan kuskure tun wurin rubuta buƙatu, wato abin da ake so manhaja ta yi, ake tafka shi, kafin mai rubuta manhaja ya taɓa komai. Ƙaramin mai nazari shi ke zama da ma'aikatan da ke karɓar takardun jama'a, ya rubuta abin da suke yi, ya gwada. Na tsakiya ya zana tafiyar bayanai, babba kuma ya sa hannu kan haɗa tsarin da irin su Nafath, manhajar gwamnati ta tantance mutum ta intanet.  Amma takardar buƙatun wannan manhaja ta bi ta hannun dukkansu, ba wanda ya gwada kwanan Hijira ko sau ɗaya.