Wata goma sha huɗu ina tallan man shafawa, ashe ni ce babbar mai saye

A ƙarƙashin gadona akwai wani kwali da na daina buɗewa. Kwalaben man shafawa shida ne a ciki, da sabulun wanke fuska huɗu, da wasu 'yan mitsi-mitsin kwalabe na wani ruwa mai yauƙi da ake ɗiga wa fuska da dare. Duk wa'adinsu ya wuce. Na kasa zubarwa, domin duk sanda na ɗaga kwalin sai in ji kamar albashina na wata biyu zan watsa a bola.

A ƙarshen 2022 na shiga harkar, a wajen bikin wata 'yar ajinmu ta makarantar kwana. Hunturu ya kankama a Kano, fuskata ta bushe ta yi furu-furu, ga wasu baƙaƙen tabo da kuraje suka bar min tun haihuwata ta biyu. Sai ga wata ƙawata da muka shekara shida ba mu haɗu ba, fatarta luwai-luwai kamar ba iska ɗaya ke kaɗa mu ba. Ban ma gama tambaya ba ta zuge jaka ta matsa min wani mai a bayan hannu. "Ki je ki gwada kwana uku, ni ba zan ce miki komai ba." Ta ba ni ɗan kaɗan a roba.

Gaskiya ɗaya ce, man ya yi min daɗi. Ba ya maiƙo, ƙamshinsa a kwance, fuskata ta daina ja. Da na tambayi kuɗi ta faɗa, na yi salati. Kwalba ɗaya ta kusa rabin mafi ƙarancin albashi na lokacin, wanda yake naira 30,000. Ta yi dariya ta ce araha ba ta ado, kuma ai ba sai na saya a haka ba: in na yi rijista zan riƙa ɗauka a farashin 'yan gida, in sayar in ci riba, in na kawo wasu kuma in riƙa samun kamasho daga duk abin da suka saya.

Ranar wata Asabar ta kai ni taro a ɗakin taron wani otal. Mata sun fi yawa, malaman makaranta irina, ma'aikatan jinya, matan aure da goyo. Aka haska mana hotunan motoci da na waɗanda kamfani ya kai yawon buɗe ido Dubai, ana ta tafi. Wata baiwar Allah a bayana ta ɗaga hannu ta yi tambayar da ke cin raina: wannan ba irin MMM ba ne, tsarin zuba kuɗin nan da ya rushe? Kowa a ɗakin ya san wani da kuɗinsa ya maƙale a Disambar 2016. Ni kawuna ne. Mai jawabi ya ce MMM ba su da kaya, iska suke sayarwa, mu kuwa ga kaya a hannu, ga lambar NAFDAC a jiki. Abin da ya faɗa gaskiya ne, kuma shi ya kwantar min da hankali. Da kuɗin adashena na yi rijista a makon.

Abin da ba a haska a bango ba shi ne maki. Kowane kaya yana da makin da yake ɗauke da shi, kuma sai kin cika wani adadi a wata kafin a ƙidaya ki cikin masu aiki. In ba ki cika ba, kamashon watan ya wuce ki, matakin da kika taka ma yana iya zamewa. Kuma makin ba ya jiran ki sayar. Da zarar kin saya daga kamfani an rubuta miki, ko kayan sun shiga hannun mai saye ko suna ƙarƙashin gadonki. Wata uku na farko ban lura da wannan ba, don kayan suna tafiya: yayyena sun saya, matar wana ta saya, abokan aikina biyar sun ɗauka. Daga nan sai kasuwa ta tsaya cik. Mutanen da na sani sun ƙare, kuma kwalba ɗaya tana yi wa mace wata biyu ko uku, in ma za ta sake saye.

Ga kuma zamanin da muka faɗa. Farkon 2023 aka shiga wahalar takardun naira, mutane na kwana a layin banki. A ƙarshen Mayu aka cire tallafin fetur, a Yuni aka saki naira, dala ta kama hawa ba ji ba gani. Kayanmu daga waje suke zuwa, don haka kusan duk bayan 'yan watanni sai an turo sabon farashi. Matar da ke lissafin kwanon shinkafa, ita zan tunkara da man fuska? Sai bashi. "Malama ki ba ni, in an yi albashi." Albashi ya zo ya wuce, mu haɗu a ɗakin malamai ta sunkuyar da kai, ni ma in sunkuyar.

Daren ƙarshen wata shi ne abin da ba na son tunawa. Misalin ƙarfe tara saƙon ƙawata, wadda yanzu ta zama uwar ɗakina a harkar, zai shigo: "Ƙawalli saura kaɗan fa ki cika, kar ki bari wahalarki ta tashi a banza." Ina zaune a bakin gado, yara sun yi barci, in buɗe manhajar banki in rufe, in sake buɗewa. Daga ƙarshe in tura. In ce wa kaina ai kaya ne, ba ruɓewa za su yi ba. Sau bakwai na yi haka. Sai daga baya na gane cewa nata makin ma da nawa yake cika, ita ma akwai wadda ke turo mata irin wannan saƙon daga sama.

Wani abu da tallan ya koya min game da mu: cikin mata goma da za su tsaya su saurare ni, yawanci tambayar farko ita ce, "Yana sa haske?" Namu ba na bilicin ba ne, kuma ban taɓa cewa shi ne ba, amma na iya amsar da ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba: "Yana fito da ainihin kalarki." A rukuninmu na WhatsApp aka koya mana ita, tare da hotunan kafin da bayan da ba wanda ya san inda aka ɗauko su. Ni da kaina na ɗora su a waya, ina sane cewa hoton farko a duhu aka ɗauka, na biyu a bakin taga.

Ƙanwata ce ta fara ɓaro min jirgi. Tana karatun haɗa magunguna a jami'a a Zariya, ta zo hutu, ta ɗauki kwalbar da nake taƙama da ita ta juya bayanta. Ta ce, "Yaya, kin taɓa karanta wannan rubutun?" Ban taɓa ba. Ta nuna min cewa a ƙa'ida ana jero sinadaran ne daga wanda ya fi yawa zuwa wanda ya fi ƙanƙanta. Na farko Aqua, wato ruwa. Na biyu gilisarin, wanda ake sayarwa a kowane kemis. Sai wasu mayuka masu riƙe laima a fata. Ganyen nan mai dogon suna da aka zana a gaban kwalba, wanda muke cika baki da shi a wajen talla, yana can kusa da ƙarshe, maƙwabcin turare. Washegari ta ja ni wani kantin magani a Sabon Gari, ta ɗauko wani mai da bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin nawa ba, muka jera su. Layin farko kusan a tafa.

Na ce mata to lambar NAFDAC fa? Ta ce lambar tana nufin an yi wa kayan rijista, an duba ba a sa abin da aka haramta ba, kamar sinadarin makuri, ko sinadarin bilicin nan haidirokwinon in ya wuce kashi 2 cikin ɗari. Ba ta nufin man ya fi na kusa da shi aiki, balle a ce ya cancanci kuɗinsa. Ta ɗauki biro ta zana min tsani a bayan ambulan: ni, ƙawata, wadda ta kawo ƙawata, wadda ta kawo waccan, har sama. Ta ce kowace a cikinsu tana da rabo a kwalbar nan, motar da aka nuna muku da tikitin Dubai su ma daga cikinta za su fito. Wa kike jin yake biya?

Na ji haushinta ranar, har na ce mata ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Amma tabon fuskata da suka sa na shiga tun farko suna nan daram bayan shekara guda ina shafe-shafe kala biyar safe da dare. Na daure na je na ga likitan fata a asibitin koyarwa. Na zazzage masa jakata a tebur. Bai kushe ko ɗaya ba, ya dai ware guda huɗu gefe ya ce in huta da su, wai yawan haɗe-haɗen ma yana iya tayar da fata. Ya ce in riƙa wanke fuska da sabulu mara ƙamshi, in shafa mai sassauƙa, in nemi man kariya daga rana domin rana ce ke ƙara wa irin tabon nan duhu, ya rubuta min magani ɗaya na dare. Ya ce kar in sa ran ganin komai kafin wata biyu zuwa uku. Kuɗin kati da na magani gaba ɗaya bai kai na kwalba biyu na kayana ba.

A Janairun 2024 na ɗauko littafin rubutu irin na ɗalibaina na zauna da shi. Abin da na tura wa kamfani, har da rijista, naira 612,000. Abin da ya shigo hannuna daga masu saye, 395,000. Kamashon da na samu a wata goma sha huɗu, 41,000. Giɓin 176,000 ke nan, wanda 58,000 a ciki bashi ne da na san ba zai fito ba, sauran kuma na shafe a jikina, ko na bayar kyauta don jan ra'ayi, ko suna cikin kwalin can. Ban sa kuɗin data ba, ban sa na A Daidaita Sahu da nake kai wa mutane kaya har gida ba, ban sa Asabar ɗin da na bar yarana na tafi taro ba. Da na nuna wa maigidana, shiru ya yi, can ya ce, "Ai na zaci riba kike ci." Ni ma haka na zata, saboda kuɗi suna shiga suna fita, ban taɓa tsayar da su na ƙirga ba.

Daga baya ƙanwar tawa ta turo min labarin wani rahoto da hukumar kula da harkokin ciniki ta Amurka, FTC, ta fitar a 2024, bayan ta duba takardun da kamfanoni 70 masu irin wannan tsari suka wallafa da kansu kan abin da mutanensu ke samu. Mafi yawan masu harkar ba sa wuce dala 1,000 a shekara, da dama ko sisi, kuma galibi ba a cire abin da suka kashe ba. A can ke nan, inda aka ƙirƙiro tsarin.

Ba zan ce ba mai samu ba. Ƙawata tana samu, ta shiga da wuri, tana da mutane da yawa a ƙarƙashinta, ga ta da baki. Har gobe kuma ba na cewa man jabu ne. Wadda ke da hali, tana son ƙamshinsa da kwalbarsa, ta saya abinta kamar yadda ake sayen leshi mai tsada. Ni dai na koma man kaɗanya da basilin a ƙafa da hannu lokacin hunturu, da abin da likita ya ce a fuska, kuma tabon sun dusashe fiye da rabi.

Abin da ya fi kuɗin ci min rai mutum biyu ne da na shigar. Ɗaya 'yar gwaggona ce, ta fita da wuri, ta bar abin a wasa. Ɗayar maƙwabciyata ce, mijinta ya rasu, tana ɗinki tana riƙe da yara uku. Awakinta biyu ta sayar ta yi rijista, saboda ni na zauna a tabarmarta na ce mata ba za ta yi nadama ba. Ba ta taɓa yi min maganar ba, ko a fuska. Ni na same ta na ce zan riƙa ba ta dubu biyar duk wata har kuɗin awakin su cika. Ta ce, "Haba Malama, ai ba ke kika ci ba." Na ce na sani, ta dai karɓa. Saura wata uku in gama.

Shekaranjiya saƙon ƙawata ya shigo, rabon da mu yi magana tun Sallah. Wai an kawo sabon shayi mai rage tumbi, kuma masu shiga a watan nan rijista rabin kuɗi ce. Na tura mata gaisuwa, na tambayi yara.