Abin da na koya game da oba-oba a dajin Gure da Tasker

A cikin garin Damagaram, daga Birni har Zango, ba inda rezo ba ya kaiwa, shi ya sa mutum kan ɗauka salula ta gama da matsalar sadarwa. Sai ya wuce Gure ya nufi Tasker zai gane ba haka ba ne. A aikinmu na duba rijiyoyi da wuraren kiwo, mukan bar mota inda yashi ko duwatsu suka tare ta, mu rabu biyu-biyu mu shiga da ƙafa. A can salula agogo ce kawai da tocila. Thuraya, wayar da ke aiki da tauraron ɗan Adam, guda ɗaya ce, tana hannun shugaban tawaga saboda tsadar kiranta. Sauranmu oba-oba, wato ƙaramin rediyon hannu na magana, ce ke haɗa mu.

Nisan da ake rubutawa a jikin kwalinta, kada ka dogara da shi. Ƙananan na'urorin nan, irin su Baofeng da suka cika kasuwa, ƙarfinsu bai cika wuce wat 5 ba, kuma ko a zangon VHF suke, wato megahaz 136 zuwa 174, ko a UHF, 400 zuwa 470, saƙonsu miƙe yake tafiya kamar ganin ido. Tudu ya shiga tsakani, magana ta yanke. Mutum biyu a tsaye a fili fetal, lanƙwasar ƙasa kanta ba ta barin su wuce kimanin kilomita 10, mu kuwa a tsakanin tuddan yashi da ƙyar muke samun biyu ko uku. Amma wanda ya hau dutse mai tsayin mita 100, fili ya buɗe masa har wajen kilomita 40.

A duwatsun Kutus na ga wannan da idona. Wani matashi cikinmu yana cikin kwari, ya manna na'urar a baki yana ta kwarara ihu, jijiyar wuya duk ta tashi. Dattijon da ke mana jagora, wanda bai taɓa shiga lakkwal ba, ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ɗana, ba kurma ba ce. Hau can, ka tsai da eriyar sama." Yaron ya ce, "To, Baba." Bai kai ƙololuwa ba muryar abokanmu ta shigo tangaram.

Abin da ya fi zauna mini a rai shi ne alƙawarin da ake ɗauka kafin a rabu. Magana ta fi sauraro cin batir nesa ba kusa ba, barin na'ura a kunne wuni guda ma asara ce, don haka muka ɗaure kira da lokutan salla. An sallame azahar, kowa ya nemi tudu ya kunna. Haka la'asar, haka magariba. Ba mai cewa ya manta. Muka kuma yanke tun a gindin mota cewa duk wanda aka rasa muryarsa sau biyu a jere, ya koma rijiyar ƙarshe da muka sha ruwa tare, can za a same shi. Ina ganin wannan ya fi kowace sabuwar na'ura amfani, domin shiru a daji yana sa mutum yanke shawarar banza, ya bazama neman wanda shi ma nemansa yake yi. Ka tuna gandun dajin Termit da Tin-Tumma kaɗai, lokacin da aka kafa shi a 2012, ya kai murabba'in kilomita 97,000.

Ladabin magana ɗan kaɗan ne: danna, ja numfashi ɗaya, sannan ka yi magana, in ba haka ba kalmar farko ta ɓace. Mutum ɗaya ke magana a lokaci guda, wanda ya ji kuma ya maimaita abin da ya ji. Zafin Afrilu da Mayu na kashe batir, sai a naɗe na ajiya cikin rawani a ƙasan jaka. Lokacin hunturu kuma a sa na'urar a leda saboda ƙura.

Sai batun tsaro, wanda ba na wasa da shi. Duk mai irin na'urarka da ya faɗo kan tasharka yana jin ka, saboda haka ba a ambatar kuɗi ko wurin kwana, mukan ba rijiyoyi lamba maimakon suna. Zangon rediyo a Nijar hukumar kula da sadarwa ta ARCEP ce ke kula da shi, kuma a yanayin rashin tsaro da ake ciki, baƙo da oba-oba a daji abin zargi ne. Kafin mu fita mukan kai takardunmu wurin jandarmomi, mu gaida mai gari, mu nuna musu na'urorin mu faɗi ranar da muke sa ran dawowa.