Ga wanda ya sayi MGB karon farko

Motar nan ta Ingila, ƙirar 1962 zuwa 1980, ajiya ta fi tuƙi lalata ta. Baƙin mai 20W-50 take so, a canza shi tare da filta duk mil 3,000. A lokacin a ɗura giris a ƙafar gaba, in ba haka ba sitiyari ya fara wasa.

Yawancinsu kafireta biyu ne ƙirar kamfanin SU, kowanne da ɗan ma'ajin baƙin mai a samansa. In ya bushe, mota za ta riƙa sarƙewa da an taka totur. Man birki yana shan danshi, a sauya shi duk shekara 2.

Abin da na fi tsoro tsohon tiyon fetur ne. Kafiretocin suna saman bututun hayaƙi mai zafi, ɗigo kaɗan gobara ce. Don Allah a fara canza shi.