Toshe wutsiyar adireshi a ofisoshin Legas

Aikinmu a Ikeja shi ne haɗa wa ƙananan ofisoshi intanet da imel: 'yan canji, masu fiton kaya daga Apapa, dillalan Mile 12. Da zarar an damfari wani, abin da mai ofis yake fara nema shi ne a toshe wutsiyar adireshin gaba ɗaya, .top ce ko .xyz ko .zip, kada komai ya ƙara shigowa daga can.

Yin hakan layi ɗaya ne a kayan aikin da muke tace intanet da imel da su, irin su Pi-hole ko MikroTik ko Postfix. Kuma mai ofis yana da hujja. Tun da ICANN, hukumar da ke kula da sunayen adireshin intanet, ta buɗe ƙofa a 2012 an samu sababbin wutsiyoyi sama da 1,200, wasunsu ana sayar da sunan adireshi a cikinsu ƙasa da dala biyu a shekarar farko, ɗan damfara ya saya da yawa, ya yi aiki da su kwana biyu, ya watsar. Kamfanin Freenom ma a da kyauta yake raba .tk da .ml da .ga da .cf da .gq, har Meta ta kai shi kotu a 2023. A Mayun shekarar Google ya saki .zip, wadda ma'aikaci zai ɗauka sunan fayil ce ya latsa.

Ɓarnar toshewa a ɓoye take. Idan an saita sabar ta zubar da saƙo shiru, mai aikowa bai san bai isa ba, mai jira bai san an aiko ba. Kamfanin Guangzhou mai adireshin .top ya turo takardar kaya, ba ta zo ba, kwantena na zaune a tasha kuɗin jinkiri na hawa. Ita kuwa .ml ta ƙasar Mali ce, wanda ya toshe ta ya rufe wa abokin cinikinsa na Bamako ƙofa. Sannan a yawan adadi, shafukan damfara sun fi yawa a .com, wadda ba mai iya toshewa.

Shi ya sa muke auna suna ɗaya-ɗaya. A duba shi a DBL, jerin sunayen da aka kama da ɓarna na ƙungiyar Spamhaus. In rajistarsa ba ta kai kwana 30 ba, a killace saƙon. Wutsiyar da aka sani da ɓarna a ƙara mata maki ɗaya ko biyu a SpamAssassin, manhajar tace imel, inda saƙon da ya kai maki 5 ake ɗaukarsa na banza, sai SPF da DKIM da DMARC, hanyoyin tabbatar da inda imel ya fito, su ƙarasa hukunci. Abin da aka ƙi a mayar wa mai shi da lambar 550, alamar an ƙi karɓar saƙo, don ya sani. A kwamfutar akawu kaɗai muke yarda a rufe .zip da .mov, wadda ita ma take kama da sunan fayil, ɗungurungum, a sake dubawa bayan wata uku.

Akwai kuma toshewar rashin sani, wadda ƙungiyar UASG, mai neman na'urori su karɓi kowane irin adireshi, take yaƙi da ita tun 2015. Tsofaffin fom sun ɗauka wutsiya ba ta wuce harafi huɗu, sai su ce imel mai .africa "ba daidai ba ne". Adireshi mai ƙ ko ɗ, ko na haruffan Larabci, wanda na'ura take karantawa da xn-- a farko, shi ma haka. Gyaran shi ne a ɗauko cikakken jerin wutsiyoyi na hukumar IANA, a ajiye bayanai da UTF-8, tsarin rubutu mai ɗaukar kowane harafi, a tura saƙon tabbatarwa.

Mai ofis da ya nace sai a tambaye shi: Alhaji, in wani a Turai ya toshe .ng saboda 419, ta ina takardarka za ta isa?