Yadda Baƙo Yake Kama Rubutun Sinanci

Wanda ya taso da boko ko ajami yakan shiga ajin Sinanci da tsammanin zai haddace 'yan haruffa sannan ya fara haɗa baƙi, sai ya tarar kowace alama gaɓa ce guda mai ɗauke da ma'anarta. Jadawalin da gwamnatin Sin ta fitar a 2013 ya ƙunshi alamomi 8,105, kuma 3,500 daga cikinsu aka ware a matsayin na amfanin yau da kullum.

A watannin farko ɗalibi yana ganin kowace alama tamkar dunƙulallen zane, yana haddace ta da ƙarfin tsiya, kuma a nan ne da yawa suke sarewa. A ganina, karatun yana fara zama ne ranar da idonsa ya buɗe ya gane cewa mafi yawan alamomin haɗi ne na ɓangare biyu, ɗaya yana nuni ga ma'ana, ɗayan yana nuni ga furuci. Alamar 青 ana furta ta qing. Idan aka jingina mata alamar ruwa sai ta zama 清, wato garau. Da alamar rana ta zama 晴, sararin sama ba hadari. Da alamar magana kuma ta zama 请, roƙo ko gayyata. Dukkansu qing ne, bambancin yana ga karin sauti kawai. Sai dai wannan jagora ba kullum take kai mutum gida ba, domin furuci ya sauya cikin ƙarnuka alhali rubutu ya tsaya inda yake, shi ya sa ɗalibin da ya dogara da ita kacokan yakan yi tuntuɓe.

Sauran aikin na hannu ne. Kowace alama tana da jerin zanenta, daga sama zuwa ƙasa, daga hagu zuwa dama, kuma maimaita wannan jeri yana taimaka wa ido ya bambance alamomi masu kama da juna irin su 未 da 末. Wayar salula ta rage wannan horo, tunda mutum zai buga furucin da Pinyin, tsarin haruffan boko da aka amince da shi a 1958, ya zaɓi alamar da ta bayyana. Su kansu Sinawa suna kokawa da yadda suke ɗaukar alƙalami su manta zanen alamar da suke karantawa kullum. Ɗan kasuwar Kano mai zuwa birnin Guangzhou na ƙasar Sin ya fi bukatar gane rubutu a kan rasidi da allon kanti, amma duk da haka zan ba shi shawarar ya rubuta ɗaruruwan farko da hannunsa kafin ya koma ga waya.